Fitilar da Ya'u Ya Saya a Hannun Bahago

Ya'u ya sayi fitilar ɓarayi ya shiga daji da ita, aka kama shi aka ce shi ne ɓarawon shanu. Abin da ya faru ke nan, duk wanda ya gaya maka wani abu dabam ƙarya yake yi.

Ni sunana Dogara, gini nake yi a cikin birnin Zariya. Marigayi baban Ya'u shi ya koya mini riƙe bindiga, shi ya sa nake ɗaukar Ya'u kamar ƙanena. Da rana ɗinkin babbar riga yake yi a zaurensu na Ƙofar Kuyambana, kuma hannunsa na da kyau, har daga Tudun Jukun ana kawo masa aiki. In rani ya yi, mu biyu muke fita farautar dare a dajin bayan dutsen Kufena.

Fitilarmu ta goshi ce, mai aiki da kabayid, dutsen nan na masu walda da ake ɗiga wa ruwa ya ba da wuta. Haskenta ja-ja ne, ba ya zuwa nesa. Amma duk ƙauyukan wajen da rugagen Fulani sun san shi. In suka hango jan haske yana tafiya a hankali daidai tsayin mutum, sun san maharba ne, sai su koma barcinsu. Farin haske mai wulgawa kuwa, a wajensu ba na mutumin kirki ba ne.

To, a shekarun nan na mulkin soja da komai ya yi tsada, kabayid ma ya yi wuya. Sai ka je har Sabon Gari ka roƙi mai walda. Ya'u ya fara mita.

Wata Laraba da la'asar ya aiko kirana. Na tarar da shi a zaure da wata ƙatuwar fitila, kanta kamar ƙwarya, da waya zuwa batirin babur a cikin jakar fata.

"Yaya Dogara, zo ka ga rana a cikin jaka," in ji shi.

"A ina ka samo?"

"Wajen Bahago."

"Wane Bahago?"

"Mai gyaran rediyo, wanda ya kafa tebur kusa da Ƙofar Doka."

"Ɗan gidan wa ne?"

"Kai fa matsalarka ke nan. Fitila na saya ko aurensa zan yi?"

Na san mutumin a ido. Bai daɗe da zuwa ba, ba wanda ya san inda yake kwana, kuma ban taɓa ganin rediyo ta fito daga hannunsa tana magana ba. Na ɗauki fitilar na jujjuya. Ba sabuwa ba ce. Gilashinta da tsaga daga sama har ƙasa. Na sinsina maɗaurin jakar, warin kashin shanu.

"Mai gyaran rediyo me ya haɗa shi da garke?" na tambaye shi.

"Wataƙila wani ne ya sayar masa."

"Wa?"

"Ban tambaya ba."

"Da tsada?"

Ya yi dariya. "Kusan kyauta ya ba ni. Har ma shi ya matsa mini."

Na sa ya tura ƙyauren zaure, muka haska bango. Hasken fari fat, ido ba ya iya kallonsa, amma tsagar gilashin ta raba shi biyu da wani baƙin layi a tsakiya.

"Ya'u, mayar masa da kayarsa," na ce. "Fitilar nan tana da shaida kamar tsagar fuska. Duk wanda ya taɓa ganinta zai gane ta. Ba ka san inda ta shiga ba kafin ta zo hannunka."

Ya kalle ni ta gefen ido. "Ko dai so kake in mayar, gobe ka zagaya ka saya?"

"Ni? Ko kyauta ba na so."

"Tsufa ne ya kama ka, Yaya. Kana tsoron in fi ka nama."

"In da ita za ka, ba ni zuwa."

"Sai ka zauna ka yi gadin katanga."

Washegari da dare ya fita farauta shi kaɗai. Ni kuwa na kwana a gida.

Da safe ina kwaɓa ƙasa a wani gida a Gyallesu, sai ga Mero matarsa, mayafinta a karkace, ta ce an aiko daga wani ƙauye na bayan Kufena, Ya'u yana ɗaure a ƙofar gidan mai gari. Na ari keke na tafi.

Na same shi a ƙasa, fuska a kumbure, hannunsa na dama yana reto. Fitilar tana ajiye a gaban mai gari. Ardon Fulanin wajen, dattijo ne da na sani, yana tsaye da sandarsa.

"Ardo, wannan ɗan Malam Nasidi ne maharbi," na ce. "Ka san babansa. Ka ci naman hannunsa."

"Na san Nasidi," in ji Ardo. "Da jar fitila yake zuwa. Wannan fa? A watan jiya an kore mana shanu, aka sari ɗana. Wannan hasken suka dallara mana a ido, fari mai baƙin layi a tsaka. Yarana na ganinsa jiya suka gane shi. Kai ina taka fitilar? Me ya hana ka biyo shi, tunda kullum tare kuke?"

Duk suka juyo suna kallona. Na ga alamar ni ma ana auna ni.

"Fitilar ce ta hana ni," na ce. "Shekaranjiya ya saye ta. Ku ba ni mutum biyu in kai su wurin wanda ya sayar."

Muka zo Ƙofar Doka da azahar. Ba tebur, ba Bahago. Mai shayin da ke gefe ya ce tun daren Laraba ya kwashe komatsansa, bai yi wa kowa sallama ba. Shi ne ya shaida cewa a gabansa aka yi cinikin, kuma maganarsa ce ta sa aka kwance Ya'u. Daga baya 'yan sanda suka zo suka tafi da fitilar, suka haɗa da bindigar babansa, ba ta dawo ba.

Har yau a cikin gari akwai masu cewa Ya'u ya san abin da ya saya. In ya shigo majalisa, wasu sukan sauya magana. Mai gari kuma ya ce kada ɗan birni ya sake shiga dajinsu da dare, ko da wace irin fitila.

Hannun kuwa, mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu uku sun sandare. Rigar da Ya'u ya fara wa wani Alhaji, wani aka kai wa ya ƙarasa. Tun daga ranar bai sake riƙe allura ba.