Muryar da Ke Bayan Katako

Kawu Rab ne ya rataya wa Shona katin masu sharhin wasanni a wuya, ba ita ta roƙa ba. Duk watan Agusta, idan bikin wasannin kwaikwayo ya cika birnin Edinburgh har ba wurin sa ƙafa, yakan buga wata 'yar takarda mai shafi huɗu, a raba ta kyauta a bakin tashar bas, tana faɗa wa mutane wasan da ya cancanci kallo da wanda bai cancanta ba. Bana masu yi masa kallo biyu sun gudu zuwa babbar jarida, sai idonsa ya faɗa kan 'yar ƙanwarsa, wadda ke tashi daga gidan wanki da guga da tsakar rana.

"Kawu, ni fa ban san komai a kan wasan kwaikwayo ba," in ji Shona.

"Su ma masu yin ba su sani ba. Ki nuna katin, ki shiga kyauta, ki zauna, ki fito ki rubuta mini layi goma da taurari. Ɗaya zuwa biyar. Mene ne abin wahala a nan?"

Abin wahalar shi ne ba ta gane komai. Ta kalli wani mutum yana kokawa da laima daga farko har ƙarshe. Ta kalli wasu 'yan mata sanye da kan doki suna karanto farashin gidajen haya. A wani wurin aka ce kowa ya rufe ido, da suka buɗe babu ɗan wasan, kuma bai dawo ba, mutane suka yi tafi, ita ma ta yi. Kowanne sai ta ba shi uku, don uku ba zagi ba ce, ba kuma yabo ba.

"Uku, uku, uku," Kawu Rab ya ce yana jujjuya takardunta. "Ke ko ƙarshen duniya aka nuna miki, uku za ki ba shi. Ba ki da zuciya ne, 'yar nan?"

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi. Wasan a ƙarƙashin wata mashaya yake, a ɗakin ajiye gangunan giya da aka raba biyu da katako aka shafa masa baƙin fenti. Ƙofar hagu ita ce tata. Sunan wasan Akwatin Babana, mai yinsa wani dogon saurayi ne, Gregor. 'Yan kallo huɗu ne har da ita, ɗaya kuma ruwa ya koro shi.

Gregor bai ce uffan ba. Ya buɗe akwati, ya ɗauki rigar mutum babba, ya shinshina, ya ninke, ya sa a ciki. Ya ɗauki wata. Ninkin ma bai iya ba, hannun rigar yake bari a waje. Shona ta riga ta ajiye masa ukunsa a zuci, tana tunanin ko za ta sami bas kafin ruwan ya ƙaru.

Sai murya ta fito daga bango.

Muryar tsohuwa ce, da wani harshe da Shona ba ta ji, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Tare da ita akwai bugu, dum, dum, kamar zuciyar wani babban abu. Gregor ya tsaya da riga a hannu. Ya juya ya dubi bangon, fuskarsa ta yamutse, ya rufe ido, ya dafe goshi. Ya koma ninki, muryar ta ɗaga, ya sake tsayawa. Shona ba ta san lokacin da hawaye ya zubo mata ba. Ba ta fahimci abin da ake nufi ba, amma wannan karon rashin fahimtar bai dame ta ba.

Ta rubuta cewa uwar yaron, wadda ba a gani, tana rera waƙa daga cikin bango, shi kuma ya kasa jurewa. Ta sa taurari biyar. Kawu Rab ya cire tabarau ya dube ta.

"Lafiya dai? Ko saurayin kyakkyawa ne?"

"Kawu, don Allah."

Kafin mako ya zagayo, duk fostar Gregor da ke jikin sandunan fitila an liƙa mata siririyar takarda mai taurari biyar. Shona takan sunkuyar da kai ta wuce, kamar sunanta ne aka rubuta a jiki. Amma waƙar ta ƙi barin kunnenta, ko a bakin dutsen guga. Ranar Alhamis ta koma.

Layi ta tarar har kan matakala. Da ƙyar ta sami kujera a baya. Gregor ya fito, ya buɗe akwati, ya shinshina riga, ya ninke. Shona ta kasa kunne. Ya ninke ta biyu, ta uku. Mutane suka fara waiwayen bango. Wata mata mai riƙe da takardar Kawu Rab ta ɗaga ta kusa da ido, ta sake karantawa, ta dubi bangon. Bangon ya yi shiru abinsa. Gregor kuwa yau fuskarsa a sake, yana ninki cikin natsuwa kamar mai shirin tafiya hutu.

"Ina uwar?" wani ya tambayi matarsa, ba a hankali ba.

"Wataƙila ita ma ta mutu," in ji matar.

Shona ta rikice. Ko dai mafarki ta yi ranar? Ko gajiya ce ta sa mata waƙa a kunne? Da aka tashi, mutane suka wuce bokitin da ake jefa kuɗi a bakin ƙofa kamar ba su gan shi ba. Ta so ta ɓuya a cikinsu, amma katin wuyanta ya tona ta.

"Ke ce Shona?" Gregor ya tare ta, yana murmushi. "Ke ce mai taurarina? Zo in rungume ki."

Ta ja da baya. "Ina waƙar?"

"Wace waƙa?"

"Ta bango. Ta mahaifiyarka."

"Mahaifiyata tana Dundee, lafiyarta lau, kuma ba ta waƙa." Murmushin ya fara zamewa. "Tsaya. Ba dai hayaniyar tsohuwar nan ta ɗaki na biyu kike nufi ba? Wadda ta hana ni sakat? Sau nawa ina kai ƙararta wurin mai mashaya. Wasana na shiru ne, baiwar Allah. Shirun shi ne wasan."

"Amma ka dafe goshi. Ka rufe ido."

"Haushi ne."

"Ba ka karanta abin da na rubuta ba?"

"Na karanta taurarin," in ji shi. "Sauran na ɗauka irin maganarku ce ta masu sharhi. Wani ya taɓa rubuta cewa akwai teku a idona."

Shona ta tsaya tana kallon bakinsa. Taurari biyar ɗin da ta bayar sau ɗaya tak a rayuwarta suna manne a fostar mutumin da ba shi ya yi abin ba, mai abin kuwa ko sunanta ba ta sani ba. Ta juya ta tura ƙofar dama.

Dogon tebur ne a tsakiyar ɗakin, kujeru kewaye da shi, babu kowa a kai. Wata gajeriyar tsohuwa mai farin gashi tana naɗe wani dogon yadin ulu tana cusa shi a buhu. A jikin ƙofa an rubuta sunanta da hannu: Ishbel, daga tsibirin Lewis, waƙoƙin bugun ulu.

"An tashi, 'yata," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ba a ma fara ba. Gobe jirgin ruwa zan bi in koma gida."

"Iya, don me?"

"Don me? Tun farkon wata nake yi wa kujeru waƙa. Kujerun ba su yi ƙorafi ba, amma mai ninke tsumman can ya yi. Aka ce in rage murya. Waƙar da mata goma suke yi suna dukan tebur, ita zan yi da raɗa? Na ce su riƙe ɗakinsu."

Shona ta murza igiyar katinta. "Iya, ni na ba ki taurari biyar."

"Ni? Ina suke?"

"Suna jikin fostarsa."

Ishbel ta ajiye buhun, ta dube ta sama da ƙasa. "Kin taɓa shigowa ɗakin nan?"

"A'a."

"Kin ga wasana?"

"A'a."

"To me kika ba taurarin?"

Shona ta ce, "Ki yi mini yanzu, Iya. In na gani da idona, sai in sa Kawu ya gyara gobe, a mayar miki da abinki. Mutane za su zo."

Tsohuwar ta yi tsaki, amma ta zazzage buhun. Ta shimfiɗa yadin, ta yayyafa masa ruwa. Ta fara da bayani: irin tumakin, sunan kakarta, sunan maƙwabciyar kakarta, abin da ake jiƙa ulu da shi a da, wanda bai dace a faɗa ana cin abinci ba. Bayanin ya yi tsawo. Daga baya ta kama yadin ta fara dukan tebur tana rerawa.

Muryar ce, babu shakka. Bugun ma shi ne. Amma a nan fitila tana da haske, muryar tana da ƙarfi har tana dukan kunne, kuma Shona tana ganin haƙoran roba na tsohuwar suna motsi. Ta jira hawaye. Ta matsa ido. Babu abin da ya zo. Abin da zuciyarta ta ce mata, ga kunya ga tsoro, shi ne: uku.

Ishbel ta tsaya tana haki. "To?"

Shona ta dubi takalminta. Ƙarya ba ta iya ba, gaskiyar kuma ta yi nauyi. "Iya, ya fi daɗi ta bango."

Sai tsohuwar ta fashe da dariya har tana riƙe tebur. "Marigayi mijina ma haka yake cewa. In ina waƙa, sai ya tafi garke ya saurara daga can."

"Ni dai na rasa gane kansa," in ji Shona. "Nasa ba ke, ba komai ba ne. Naki ba shi…" Ta haɗiye sauran. "To wa na ba? In na cire daga fostarsa na kawo taki, na sake yin ƙarya."

"Ki ba katakon," in ji Ishbel.

Wani ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Gregor ne, rungume da bokitinsa da ba komai a ciki.

"Iya," ya ce, "game da ƙarar nan da na kai."

"Au, yau na zama Iya? Jiya ai hayaniya ce ni."

"Gobe ma ɗakin a cike zai kasance. Za su zo jin bango."

"Sai ka yi musu shirun. Ba shi ne wasan ba?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce za su raba abin da bokiti ya samu. Ya ce zai sa sunanta a fosta. Ishbel ta bar shi ya yi ta magana har ya ƙare, tana shafa yadinta.

"Sunana a sama, ba a ƙasa ba," ta ce. "Kuma ba za ka sake gaya mini yadda zan buɗe bakina ba. In na dame ka, ka dafe goshi, tunda an ce ya yi maka kyau." Ta juya wajen Shona. "Sai abu na ƙarshe. Kafaɗata ta gaji. Waƙar nan ba ta hannu biyu ba ce. Nuna mini hannunki."

Shona ta miƙa. Tsohuwar ta juya shi, ta ga yadda ruwa da sabulu suka cinye shi.

"Wannan ya san jiƙaƙƙen kaya. Gobe ki zo."

"Iya, ni kallo aka aiko ni."

"Kin kalla. Ga inda kallon naki ya kai mu."

Da yamma Kawu Rab ya saurari labarin da biro a bayan kunne. "To me zan gyara? Wasan wa ya ci biyar?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Na Gregor?"

"Uku."

"Na tsohuwar?"

"Uku."

"Uku da uku shida ne, ba biyar ba." Ya dube ta, ya girgiza kai. "Bar shi yadda yake. In mai karatu ya rikice, ai bikin ya zo gani."

Washegari Ishbel ba ta bi jirgi ba. Shona ta zauna a gabanta, tebur a tsakaninsu, kujeru babu kowa, katin Kawu a aljihu don kada ya jiƙe. Ta bayan katako suna jin mutane suna zama, suna tari, har aka yi shiru. Ishbel ta ɗaga gira, suka kama yadin, dum, dum, tsohuwar ta saki murya.

A nan ne Shona ta gane cewa abin da ya sa ta kuka ba za ta ƙara jin sa ba. Yana can ɗaya gefen, taku biyu daga inda take, ita kuma tana nan tana yin sa. Ta so ta saki yadin ta zagaya ta leƙa, amma in ta saki, bugun zai tsaya.

Can, a tsakanin baiti da baiti, suka ji wata tana jan hanci ta bayan katako. Da aka ƙare, tafi ya taso, har katakon yana girgiza.

"Wa suke yi wa?" Ishbel ta tambaya a hankali.

Shona ta kasa kunne da kyau, kamar amsar tana cikin tafin. "Ban sani ba, Iya."

"To kama can gefen mu matse shi. Gobe ki rage sauri, kina riga ni."