Tawadar Malam Lurwanu

A unguwar Rusaifa ta Makka, bayan wani shagon gyaran firji, akwai ɗakin da Hausawan unguwar ke kira Ɗakin Allura. Na jama'a ne. Mahaifin Ghada ya bayar da wurin, matan unguwa suka haɗa tabarmi da fanka, mai zare ya kawo zare. Tsofaffin da suka zo aikin hajji suka maƙale ba takarda su ne masu hannu. 'Ya'yan da aka haifa a nan kuwa, waɗanda sai sun yi gumi kafin su haɗa jimla ɗaya ta Hausa, su ne masu koyo. Ana ɗinka hula, ana yi wa babbar riga aiki, a garin da kusan duk namijin da ka gani farar jallabiya ce a jikinsa fayau, ko ɗigon ado babu.

Malam Lurwanu shi ne mai zane, matarsa Rumasa'u ita ce mai bin zanen da allura. Haka suke tun suna Zariya. Shi ya shimfiɗa yadi a cinya, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja zanen aska, ya ja na tambari, ya miƙa mata ta bi sawu. Allah ya jiƙan Malam, amma taurin kai gare shi ba na wasa ba. Ba ya zane a takarda, kuma in ka ɗaga waya za ka ɗauki hoton aikin da bai ƙare ba, sai ya kife yadin, ya ce aikin tsirara yake tukuna.

A shekarar da ciwon ƙirji ya matsa masa, ya zana wani dagi a bayan wata farar riga, irin da ko Rumasa'u ba ta taɓa gani ba. Ya ce na kakansa ne, an daina yin sa saboda cin rai, kuma rigar ba ta sayarwa ba ce, ta ɗakin ce. Layi ɗaya ne tal, yana shiga yana fita, nan ya bi ta sama, can ya kurɗa ta ƙasa, har ya cika bayan rigar. Rumasa'u ta kai rabi da allura ke nan, Malam ya cika.

An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce Malam ya dace, ita ma ta san ya dace. Sai dai kabarin Makka ba suna, kuma mace ba ta raka gawa, don haka ko gefen da yake kwance ba ta sani ba. 'Ya'ya kuwa Allah bai bar musu ko ɗaya ba. Abin da ya rage mata na hannunsa a duniya shi ne rabin zanen nan da allura ba ta kai gare shi ba, kuma ba mai rai da ya san yadda ake jan sa.

Ta yi takaba a ɗan ɗakinta na unguwar Ka'akiyya, zuciyarta tana Rusaifa. Duk zuwan da aminiyarta Kabira za ta yi, tambayar Rumasa'u ɗaya ce.

"Rigar tana nan?"

"Tana nan a ƙusa, Hajiya. Ƙafa gare ta da za ta gudu?"

Ranar da ta fita takaba, ba ta biya gidan kowa ba, sai Ɗakin Allura. Ghada ce ta tare ta a ƙofa. Ghada haifaffiyar nan ce, a kantin magani take aiki, ita ke riƙe da makullin ɗakin, kuma mace ce mai zuciya ɗaya, irin waɗanda alherinsu ke riga tunaninsu isa wuri. Ta dafa shayi, ta zuba dabino, ta tara matan ɗakin, har da Kabira.

"Ahlan, Khala! Zauna, zauna. Ina da mufaja'a gare ki."

"Wace irin mufaja'a kuma, 'yar nan? Abin mamakin da na gani bana ya ishe ni."

Ghada ta shiga ciki ta fito da wani abu a leda, a ninke, yana ƙamshin sabulu da guga.

"Ƙurar ginin nan na baya ta cika ta, marra ta yi datti, sosai. Na ce Khala ba za ta dawo ta same ta kida, a haka ba. Na kai maghsala, wajen masu wanki, na ce su bi ta shwayya shwayya."

Kabira ta ajiye kofinta, ta ce, "Innalillahi."

Rumasa'u ta karɓi rigar ta warware a cinya. Rabin da ta ɗinka yana nan, zaren har ƙyalli yake. Ɗaya rabin kuwa fari ne tas.

Tawadar zane gawayi ce da ƙaro. Da gangan ake haɗa ta haka, don in an gama aiki ruwa ya tafi da ita. Duk wanda ya tashi a gidan ɗinki ya san ba a jiƙa riga sai allura ta kai ƙarshe. Ba wanda ya taɓa gaya wa Ghada, domin ba wanda ya zaci abin faɗa ne. Ita tawadar da ta sani ta biro ce, wadda in ta kama tufa sai dai a haƙura.

Ghada ta leƙo, murmushinta ya tsaya a rabi.

"Fen... Khala, ina zanen? Ina ya tafi?"

Ta dubi yadin, ta dubi fuskokin matan. Da ta gane, sai Hausar ta ƙwace mata gaba ɗaya. Ta durƙusa tana kuka tana rantsuwa da Larabci, tana cewa za ta koma wajen mai wankin, kamar a can aka ajiye zanen a aljihun tebur.

Ran Rumasa'u ya ɓaci, ɓacin da bai yi ba ko ranar rasuwar. Ta so ta zazzaga mata abin da ba za ta manta ba. Amma wa ya koya wa yarinyar? Shekara da shekaru suna zaune da ita, sun nuna mata yadda ake zura zare, sun bar mata abin da suke ganin kowa da shi ake haifarsa.

"Khalas, ya isa," ta ce. "Ba don cuta kika yi ba." Ta faɗa ne kawai, zuciyar ba ta kai nan ba tukuna.

Ta tashi ta ɗaga rigar a hasken bakin ƙofa, ta juya ta nan, ta juya ta can, ko inuwar layi za ta fito. Mai wanki ya iya aikinsa.

Ta dawo ta zauna, ta zura allura, ta kama daga inda ta tsaya. Hannun da ya saba bai yi gardama ba. Ya bi lanƙwasar da ido ya ba shi, ɗinki bayan ɗinki, matan suna kallo. Ta yi kamar taƙi guda, sai ta iso inda dole layi ya ƙetare ɗan'uwansa. Nan allurar ta tsaya. Duk rayuwarta ba ta taɓa zaɓar wannan ba, a zane take samun sa. Ba tare da ta ɗaga kai ba ta karkata hagu, inda Malam ya saba zama.

"Malam, nan ta sama ne ko ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Kabira ta ja mayafi ta rufe fuska.

Rumasa'u ta daɗe tana kallon yadin. Sannan ta juya allurar, ta shiga warware abin da ta ɗinka, ɗaya bayan ɗaya, har ta komo daidai inda ta san layinsa ne a ƙarƙashin zaren. Ta ƙulle, ta tsinke da haƙori, ta miƙa wa Ghada rigar.

"Mayar da ita ƙusa, 'yar nan. Duk wanda ya tambaya, ki ce masa nan Malam ya tsaya."