Takardun Ƙarƙashin Katifa

Shekara biyu Luqman ya yi yana rubuta wani littafi, ko abokin ɗakinsa bai sani ba. Ɗalibin fiƙihu ne daga Zariya, yana haya a unguwar Kudai da ke Makka. Littafin labarin wani tsibiri ne mai sanyi da yawan ruwan sama, inda mai mulki ya hana mutane ambaton kakanninsu, ya mai da kowa ɗan rahoton maƙwabcinsa. Daga tsohuwar almarar mutanen ƙasar Ayalan ya aro aljanun da ke zaune a ƙarƙashin tuddai, su kaɗai suka ƙi mantawa.

Bai taɓa sa ko layi ɗaya a waya ba, don ya ji an ce wani ɗalibi ya rasa karatunsa kan saƙo guda. Sai ya rubuta da hannu, da ajami, yana turawa ƙarƙashin katifa. Shi a ganinsa ya gama wayo.

Ranar Talata ya dawo daga darasi ya tarar an share ɗakin tas. Inna Khadijatu, tsohuwar da ke da gidan, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ya waladi, haram alaik, ɗana, wannan bai halatta ba. Rubutun Allah kake kwana a kai? Na kwashe na kai masallaci."

Ita ba ta karatu. Duk takarda mai baƙin Larabci abin girmamawa ce a wurinta, ba a taka ta, ba a zubar da ita a shara. Luqman ya juya da sauri. Ko takalmi bai sa daidai ba ya fita.

A bayan masallacin unguwa akwai kwalin da ake tara tsofaffin takardu kafin a kai su a ƙona. Nan ya tarar da ladan, Baba Dawuda, haihuwar Makka ne amma jikan Kanawa, riƙe da shafukan yana haɗa baƙi. Wani mutum da Luqman bai sani ba yana tsaye gefensa yana saurare.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji Baba Dawuda. "Baƙin namu ne, amma magana irin ta kakata. Ga 'mai mulki', ga 'azzalumi'. Wane mai mulki kuma?" Ya ɗago ya dubi Luqman. "Kai ɗan Najeriya ne, ko? Haggak? Naka ne?"

Babu sunansa a jiki. Saura wata bakwai ya kammala karatu. Baƙon ya zuba masa ido, kuma mai yiwuwa salla kawai ya zo yi, amma Luqman ba shi da hanyar sani.

"Ban taɓa ganinsu ba, Baba."

Kunya ta kama shi tun kafin ya rufe baki. Baba Dawuda ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da takardun cikin kwali.

"Tayyib. To kama mini mu kai mota, bayana ciwo yake."

Luqman ya sunkuya ya ɗauki kwalin.