Tsakar Gidan da Na Rufe wa Rana

…kuma zan tashi. Da kaina zan tashi daga kan dardumar nan, ba sai na dafa kujerar da Mahmud ya aiko ba. Ɗana ne, ya kyauta, Allah ya yi masa albarka, amma sallah a kan kujera? Ni? Shekara hamsin da huɗu fa kacal. Gwiwa ce ta ɗan riƙe, yanzu za ta saki.

Likitar nan—yarinya ce, ko Mahmud ya girme ta—ta dubi takardar gwajin jini, ta dube ni. "Hajiya, yaushe rabonki da shiga rana?" Rana! A Katsina! Ranar da ke narkar da silifa a Ƙofar Durɓi, wai ita ce ta yi mini kaɗan. Wai akwai wani bitamin D, fata ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, nawa ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙashi ya yi laushi, tsoka ta saki, har masu bincike na ganin kamar ƙarancinsa yana sa jiki saurin tsufa. Shekarun haihuwa daban, na jiki daban… A hankali ta faɗa, kamar mai ta'aziyya.

Ni za a yi wa maganar tsufa? Duk bikin da na shiga da 'yata, yayarta ake ɗauka ta. Fuskar nan ba tsintar ta na yi ba, shekara ashirin ina tattalinta. Daga ɗaki sai mota mai baƙin gilashi, niƙabi, safar hannu… Ni na kira masu walda, na tsaya a kansu suka rufe tsakar gidan nan da kwano tun daga zaure har madafi. Ko shanya a ƙarƙashin fanka muke yi. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, gida biyu ma suka kwaikwaya.

Furera kuwa, ƙawata ta ƙuruciya—kwana biyu ne tsakanin haihuwarmu—tana can Batagarawa tana sussukar gero. Ta yi baƙi ƙirin, fuska duk ta yamutse. Da ta zo gaisuwar Sallah, na miƙa mata man shafawa, ta yi dariya har da tafi: "Ke Hajiya, mi rana ta yi maki kika ruhe mata ƙohwa?" Sannan ta sunkuya, ta cicciɓi rabin buhun geron da ta kawo mini, ta kai ɗaki. Ta zauna a tabarma, ta miƙe tsam, ba ta dafa komai ba. Na gani. Na yi kamar ban gani ba, amma wallahi ya ci mini rai.

To sai me? Ƙwayoyin da likita ta rubuta na nan, zan sha. Kifi, ƙwai, duk zan ci. A ɗaye fallen kwano biyu ta gabas, in riƙa zama da hantsi. Abin da na sa aka rufe, ni zan sa a buɗe. Wata uku, in koma in ba likitar nan mamaki. Shekarun da suka riga suka shige ƙashi fa—su ma ana ɗaye su? Ban tambaye ta ba. Ba mantuwa na yi ba.

Bismillah. Tafin hannu a ƙasa, gwiwar hagu… a'a, ta dama tukuna. Yauwa. Saura kaɗan, saura—wash. Bari in ɗan huta, ai ba mai kallo…

Kiran sallah ne wannan? Ladan ya yi kuskure dai. La'asar? Ai yanzu na sallame azahar. Yanzu-yanzun nan…

Har la'asar, ina ƙasa.