Rufi Ɗaya, Famfo Ɗaya

Ni da ƙanena tela mun daɗe ba ma gaisawa. Gidan da mahaifinmu ya bari mun tsaga shi da bulo, kowa ya fasa ƙofarsa. Kwanon rufi kawai muka ƙyale, don babu mai yarda ɗan'uwansa ya hau.

Da za a ja ruwan famfo a layinmu, sai aka kira mu ofishin masu aikin. Injiniyar mace ce mai tabarau, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce taswirar da suke aiki da ita, jama'a ne suka zana ta a intanet, kowa da abin da ya gani. Ita dai saukowa take yi da ita, ta loda a manhajar kwamfutarta, duk gidan da ya fito a ba shi famfo ɗaya.

Muka zuba ido. Tituna suka fara fitowa, sai kwalbati, sai gidaje kamar kwalayen ashana. Ta danna namu. Kwali ɗaya.

Na ce, "Gida biyu ne."

"Wanda ya zana hoton sama ya duba, Baba. Rufi ɗaya ya gani."

Tela ya ja tsaki. "Da ya leƙa ɓangaren wancan, da bola zai rubuta."

"Ni ne wancan? Ni da na goya ka kana tsula min fitsari?"

"To sauke ni, na gode."

Injiniya ta buga tebur. "Ku saurara. Yanzu zan raba shi. Ku nuna min inda bangon ya bi."

Nan fa ake yin ta. Bangon bai miƙe ba, ya karkace wajen tsohon sito, kowa na cewa sitonsa ne. Na ɗora yatsa a gilashin kwamfutar, tela ya ture shi ya ɗora nasa. Ni kuwa na ga jiya na ga yau. In na bari aka ja layin inda yake so, duniya duka za ta gani, gobe ya kwashe shi sai gaban alƙali.

"Cire ƙazamin hannunka, mai allura."

"Kai ka cire naka, ɓarawon sito!"

Ta zaro hankici ta goge gilashin. "Zaɓi biyu ya rage. Famfo ɗaya a tsakiya ku yi tarayya, ko in tsallake ku."

Tela ya ce, "In tari ruwa a baki ɗaya da shi? Allah ya kiyaye."

Ban bari ya riga ni ba. "Tsallake mu."

Ta danna. Kwalin ya koma ruwan toka, ta kira na gaba.

Ranar da masu haƙa suka iso, bututun ya bi ta ƙofarmu ya shige gidan maƙwabci. Matata ta tsaya tana kallo har suka mayar da ƙasa. Ta ɗauko bokiti biyu ta dire a gabana.