Ƙafar Maikuɗi a Kan Birki

Ƙafar dama ta fara mutuwa, sai Maikuɗi ya kawo ta hagu a hankali ya ɗora gefenta, ya danne birkin sosai kafin ya zare ta daman. Birkin bai ɗaga ba ko kaɗan. Har ya ɗan yaba wa kansa, domin Baba Haladu mutum ne da zai yafe maka zagi amma ba zai yafe maka sakin birki ba. Shekara goma sha uku suna maƙwabtaka a wannan lungu na Madina, dokar tsohon ba ta taɓa canjawa ba: in ya bugi jikin mota sau ɗaya da sifana, a taka; sai ya buga sau biyu a saki. Ya buga ɗaya. Biyun ake jira.

Baba Haladu mai gyaran lantarkin mota ne. Tun yana yaro iyayensa suka taso da shi daga Damagaram a ƙafa, suka yi shekara bakwai a hanya, kuma tun da ya ga Madina ya ce ƙafarsa ta gama aikinta. Matarsa Iyatu shekara biyu ke nan tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, maganar ma sai an matso kusa. Ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai Umra, kuma ba za ta iya zaman mota har Makka ba. Shi ya sa da wani kamfanin hanya ya gama aiki wajen Khaibar ya zubar da kayansa, tsohon ya sayo karafan, wato ɗan gida mai taya da ake ja da mota, ya shimfiɗa katifa a ciki. Motar da za ta ja shi kuwa Jims ɗin Maikuɗi ce, wadda yake kai alhazai ziyara. Ba a ma tambaye shi ba, sanar da shi aka yi.

Kwana huɗu suna fama da wayoyi. Jims 'yar Amurka ce, waya ɗaya ke ɗauke mata birki da sigina, shi kuwa karafan ɗin na Turai ne, soket ɗinsa rami bakwai, kowace fitila tana son tata wayar daban. Baba Haladu bai yarda da launin waya ba, ya ce wanda ya rina ta ba shi zai hau hanyar Makka ba. Kowace sai ya gwada ta da wani ɗan ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu, in ya kama ya naɗe da salatif. Yau saura ta birki kaɗai. Ya tsuguna tsakanin motar da karafan, inda madubi ba ya kaiwa, bayan ya leƙo ta taga ya ce:

"Ka bar injin a kunne. In ka taka kada ka saki sai ka ji biyu, kana ji na?"

Maikuɗi ya ce yana ji. Injin tsohon ne ya ce a bari. Ɗaga gilashi da kunna mukayyif, na'urar sanyaya mota, kuwa shawarar Maikuɗi ce shi kaɗai, don rana ta yi tsakiya, lungun ba ko kyanwa.

Ya zauna cikin sanyi yana tunanin banza. Ya yi tunanin tayar baya da ta fara suɗewa, ya yi tunanin ko yau shinkafa aka dafa a gida. Da ƙafar hagun ita ma ta fara tsami ya sake musanyawa. Sai da ya hango mutum biyu sun wuce bakin lungu da ɗanyen ruwan alwala a hannu ya san azahar ta yi, kuma Baba Haladu ba ya barin kiran salla ya same shi da waya a hannu. Ya sauke gilashi ya ce, "Baba, in saki?" Ba a amsa ba. Abin da daga baya ya kasa gaya wa kowa shi ne, ko a nan ma bai saki ba, sai da ya ƙara tambaya sau biyu.

Da ya sauko ya zagaya, ya same shi a zaune a ƙasa, bayansa jingine da ƙarfen da ake maƙala karafan a mota, kansa ya karkata kamar mai gyangyaɗi a sahun baya. Sifana tana can gefe. Ɗan ƙwan yana cikin tafin hannunsa, wayarsa ɗaya a cikin soket. Maikuɗi ya taɓa wuyansa, ya kira sunansa, sannan ya tashi ya je ya kashe injin, ya zare mabuɗi ya sa a aljihu. Bai ji komai a ransa ba. Ƙafarsa kawai yake ji tana masa tsiri-tsiri.

Sauran ya tafi yadda yake tafiya a Madina, da sauri. Motar asibiti, takarda, sa hannu, wanka. A wurin wankan ne Malam Sabiru, limamin masallacin unguwa, ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko yana kusa lokacin da abin ya faru. Maikuɗi ya ce yana kusa, kuma gaskiya ce, ko taku biyar ba a yi ba. Malam ya ce to ya samu kalma? Duk unguwar ta san tsohon ya daɗe yana faɗa a bainar jama'a cewa ba shi da ɗa namiji, Maikuɗi ne zai laƙƙana masa kalmar shahada ranar da zai bar duniya. Yakan faɗa da dariya, amma ba wasa yake yi ba. Maikuɗi ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne alhamdu lillahi.

Shi ke nan magana ta fita daga hannunsa. Kafin a yi wa tsohon salla a Harami bayan la'asar, kafin a kai shi maƙabartar Baƙi'a, kowa ya ji cewa Haladu ya cika da shahada a cinyar maƙwabcinsa. Zuwa kwana na biyu har an ƙara cewa ya yi murmushi. Tsofaffin da suka zo ta'aziyya, 'yan Kano da 'yan Nijar da waɗanda Hausarsu ta kwana a Sudan, kowa sai ya dafa kafaɗar Maikuɗi ya ce shi ma Allah ya ba shi irin maƙwabcin nan. Shi kuwa yana zuba gahawa, yana miƙa dabino, yana cewa amin. Yana ci yana sha yana zuwa masallaci. Motar dai ya ƙi taɓawa, tana nan maƙale da karafan inda aka bar ta, masu wucewa suna raɓawa ta gefe.

Ran kwana uku da hantsi Asama'u, 'yar tsohon, wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hausa tana shiga kunnenta amma Larabci ke fita ta bakinta. Ta ce ummanta tana son ganinsa, shi kaɗai. A hanyar, da ba ta wuce taku goma ba, ya shirya abin da zai faɗa. Tsohuwa ce marar lafiya, mijinta ya tafi, Umrarta ta tafi, ba abin da ya rage mata sai wannan labari. Ya yanke cewa ba shi zai ƙwace mata ba.

An sakaya labule a ƙofar ɗakin saboda tana takaba. Asama'u ta aje masa kujera daf da labulen, don muryar ba ta zuwa nesa, ta koma kicin. Ya gaishe ta, ya yi mata ya haƙuri. Ta amsa a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, harshen yana ja.

"Maikuɗi, me ya ce maka na ƙarshe?"

Duk abin da ya shirya yana nan a bakinsa. Ya dubi labulen, wani tsohon zani ne mai ruwan ƙasa da aka kafa da ƙusa biyu. Matar nan ita ta yi wa matarsa wankan jego har sau uku. Sai ya ji kansa yana magana da wata murya shimfiɗaɗɗiya, kamar mai karanta takardar wani.

"Iya, cewa ya yi in na taka kada in saki sai na ji biyu. Ban laƙƙana masa komai ba. Ina cikin mota, gilashi a rufe. Ban san lokacin da ya tafi ba."

Ya jira kuka bai ji ba. Daga kicin ana jin ƙarar wanke kofuna.

"Na sani," in ji Iyatu. "So nake in ji ko za ka faɗa."

Sannan ta ba shi labarin, da tsayawa da hutawa. Tun ranar da aka fara aikin ta sa aka jawo gadonta jikin taga, don ta riƙa kallon ɗakin da za a kai ta Makka a ciki. Tagar tana kallon daidai tsakanin motar da karafan. A gabanta Baba Haladu ya dafe ƙirji, ya zame ya zauna. Ta kira Maikuɗi. Ta kira shi har ta daina ƙirgawa, da muryar da ko bakin gado ba ta cika wucewa ba, injin yana ta kuka. Ta yi ƙoƙarin jefa kofi ta taga, ya faɗo mata a ƙirji. Asama'u tana makaranta.

"Ƙwan nan da ke hannunsa ya kama," ta ce. "Ya samu wayar. Ina kallonsa yana ci. Muddin yana ci na san ƙafarka tana kan birki, ba za ka fito ba. Addu'a nake yi ƙwan ya mutu."

Maikuɗi ya ɗora hannayensa a kan gwiwa. Ya so a ce wani abu ya motsa a cikinsa, kunya ko hawaye, amma babu.

Ta ce da ta ga kira ba zai yi ba, sai ta bar shi ta juya ga mijinta. Daga nan kan gado ta riƙa faɗa masa la'ilaha illallahu, tana maimaitawa, har muryar ta ƙare ta koma motsin leɓe. Ta ga kamar bakinsa ya motsa sau ɗaya. Amma idonta ba shi da kyau, kuma shi mutum ne mai magana da wayoyinsa in yana aiki.

"Kai ka ga fuskarsa kusa. Ya ji ni?"

Wannan karon ya san amsar da ake so, kuma kalma ɗaya ce, mai sauƙi, irin wadda ya ba Malam Sabiru. Ya daɗe yana juya ta.

"Wallahi Iya ban sani ba."

"To," ta ce. "Allah ya sani."

Can ta ce kada ya je yana warware wa mutane magana, abin da suka ɗauka su riƙe, ita dai ba ta so a zauna su biyu a kan ƙarya. Ya ce to. Ta ce akwai abu ɗaya da zai yi mata in ya fita, ya rufe mata tagar nan. Gadon ya yi wa Asama'u nauyi, ba za ta iya matsar da shi ita kaɗai ba, kuma ƙyauren tagar daga waje ake turo shi.

Ya fito lungu. Rana ta fara zafi, wata mata tana wucewa da burodi a leda. Ya raɓa ta tsakanin motar da bango, ya tsaya ƙarƙashin tagar ba tare da ya ɗaga kai ba. Ƙyauren katako ne mai ɓari biyu, koren fentinsa ya ɓaɓɓare. Na dama ya tafi da sauƙi. Na hagun ya cije a ƙasa, sai da ya sa hannu biyu ya ɗan ɗaga shi sannan ya shiga. Ya tsaya yana jin yadda take lalube daga ciki da hannunta mai lafiya, a hankali, har sakatar ta faɗa.