Keken Manaja a Kan Tudu

Mijin yayata manaja ne a wani kamfanin inshora, don haka kowa Manaja yake ce masa, har ita Yayar idan ya ba ta haushi. Ni kuwa gyaran kekuna nake yi, shi ya sa yake kirana Injiniya, yana wani lanƙwasa baki.

Da likita ya ce masa ko ya rage tumbi ko tumbi ya rage shi, sai ga shi a shagona da takalmi sau ciki, yana tsallake baƙin mai kamar wanda ya shigo turken awaki. Wai keken hawan dutse yake so, mai shakazoba gaba da baya.

Na ce, "Yaya Manaja, tudun bayan garin nan hawa ne mai tsawo da 'yan tsakuwa. Ka sayi wanda shakazobarsa ke lotsawa milimita ɗari da ashirin. Ba nauyi, kuma duk takun da ka yi wa feda gaba zai kai ka."

"Akwai wanda ya fi shi lamba?"

"Akwai mai ɗari da tamanin. Amma na masu dirowa daga kan duwatsu ne. A hawa shanye ƙarfin mutum yake yi, kana takawa yana lotsawa."

Ya yi dariya. "Injiniya ke nan. Kai ka saba da ƙananan abubuwa."

Bayan sati biyu ya sauke kwalin sabon keke a ƙofar shagon. Mai ɗari da tamanin ne, ja jawur, ƙahonsa ya kusa faɗin ƙofa. Na haɗa shi, na ɗauko famfo, na tambaye shi nauyinsa, don gwargwadon nauyin mahayi ake ba shakazoba iska.

"Kilo tamanin," in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba.

Na dubi maɓallin rigarsa da ke neman agaji, na dura iskar mai kilo ɗari da biyar. Ya hau, ya yi tsalle a sirdi, ya ɓata fuska. Wai ya yi tauri, shi laushi ya saya. Ya sa mukullin mota ya danna bakin iskar, ta yi ta fita fuu, har keken ya durƙusa a ƙarƙashinsa kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

"Yauwa! Ka ji yadda manya ke zama."

Na ce to.

Ranar Asabar da safe muka haɗu a gindin tudu. Akwai wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya, da muke hawa tare duk sati. Kekensa gajeriyar shakazoba gare shi, fentinsa duk ya kwaile. Manaja ya iso da hular kwano, da safar hannu, da tabarau, da wando ɗamamme wanda da ya yi shawara da wani da bai sa ba. Ya dubi keken Malam ya ce, "Baba, wannan zai kai ka kuwa?"

Malam ya ce, "Muna dai lallaɓawa, ɗana."

Muka fara hawa. Duk takun da Manaja ya yi, keken ya nutse ya taso, ya nutse ya taso. Mutum na ta sukuwa amma yana wuri ɗaya. Da yake keken ya yi ƙasa sosai, feda sai dukan duwatsu take, ƙwas, ƙwas. Kafin kwana ta biyu gumi ya cika tabarau, numfashinsa kamar zugazugi. Malam ya wuce shi a hankali yana ba ni labarin jikarsa, har da yi masa sannu.

A ƙafa Manaja ya ƙarasa, yana tura keken. Muka jira shi a sama har inuwar bishiyar da muke zaune ta matsa.

"Ku bari a zo gangara," ya ce yana haki. "A nan za ku san abin da na saya."

Gaskiyarsa, a gangara irin wannan keke yake nuna kansa, idan an sakar masa. To Manaja yana ganin gangaren ido ya raina fata. Ya damƙe birkin gaba da dukan ƙarfinsa. Shakazobar gaba, da ba iskar kirki a cikinta, ta nutse har ƙarshe, duk milimita ɗari da tamanin ɗin da ya biya. Gaban ya sunkuya, bayan ya ɗaga, Manaja ya bi ta saman ƙaho a hankali, cikin natsuwa, ya sauka a wani kurmin ƙaya. Ko gudun kaza ba ya yi lokacin.

Malam ya tsaya. "Ɗana, ba ka ji ciwo ba dai?"

Daga cikin ƙaya muka ji murya: "Injiniya ne bai ɗaure shi daidai ba!"

Da yamma Yaya ta zauna da hantsaki tana cire masa ƙaya a baya, tana ce mini in daina dariya, ita ma kafaɗunta na rawa.

Ya bar keken a shagona wai in nemo laifinsa. Na mayar masa da iskarsa, na kai shi ɗaya gefen tudun inda duwatsu suke kamar matakala, na sake shi. Wallahi kamar a kan katifa nake gangarowa, manyan duwatsu yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Keke dai lafiyarsa ƙalau. Na dawo da shi dumu-dumu da taɓo, na jawo bokiti zan wanke, sai ga Manaja.

"Kai, kai! Kar ka taɓa taɓon nan."

Ya ɗora shi a saman mota yadda yake. Har yau da shi yake zuwa ofis duk Litinin, ya yi fakin a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Masinjan ofishin ya gaya mini yanzu har shawara ma'aikata ke zuwa nema wurinsa, shi kuma yana ce musu kada su kuskura su sayi ƙasa da ɗari da tamanin.